Tsayin Hasumiya

Manila, 9 ga Yuni

Tiyo Gorio,

Ina ɗora hannunka a goshina daga nan inda nake, kamar yadda muke gaida manya. Ina fata kuna lafiya, kai da matarka Tiya Soling. Yaya gwiwarta? Kunnenka kam ba sai na tambaya ba, da yana jin waya da ban zauna ina rubuta wasiƙa kamar 'yar zamanin kakanni ba. Ni lafiya lau, sai zafin Manila da hayaƙin motoci.

Tiyo, makon jiya na zo dab da gida amma ban shigo ba. Gara ka ji a bakina. Jirgin cibiyarmu ta binciken teku ya tsaya gabas da Dagatnon, muka saukar da wata na'ura a ruwa. Daga kan jirgin na hango hasumiyar coci da duwatsun bayan gari. Kyaftin ya ce idan ina so a kai ni gaɓa, akwai lokaci. Na ce masa a bari. Tun da muka binne Mama ban san da wace ƙafa zan taka garin nan ba.

Na'urar zagayayya ce, rawaya, ta kai randa girma. An ɗaure ta da doguwar igiya ga wani nauyi a ƙasan teku. Aikinta ɗaya ne: raƙumin ruwa ya ɗaga ta ya sauke ta, ita kuma ta auna tsayinsa ta aiko mini ta tauraron ɗan'adam. Har yau ba wanda ya taɓa auna raƙuman ruwan gaɓarmu a tsakiyar guguwa, abin da ke cikin littattafai ƙiyasi ne kawai. Shekara uku ina naci kafin manyana su yarda a ba tsibirinmu Catanduanes guda ɗaya.

Na san masuntanmu. Duk abin da ke yawo a kan ruwa kifi zai taru a ƙarƙashinsa, su kuma su rataya masa ganyen kwakwa, su ɗaura kwale-kwale a jikinsa su yi barcin rana. In aka yi mata haka awon ya lalace. Don Allah ka ja musu kunne, musamman abokinka Tasyo. Na bar ta a hannunka.

'Yarka,
Neri

Dagatnon, 28 ga Yuni

Neri 'yata,

Allah ya yi miki albarka. Wasiƙarki ta iso ta hannun direban motar garin Virac. Muna lafiya. Gwiwar Soling na nan tana ba mu labarin ruwan sama kafin rediyo ya faɗa. Kunnena kuwa, wanda ya yi shekara ashirin yana nutso ba shi da bakin ƙorafi. Yana ma yi mini rana. In Tasyo ya ƙwala mini "Hasumiya!" a bakin ruwa sai in wuce abina, wai ban ji ba. Shekara ashirin da shida ke nan da suka laƙaba mini sunan, tun ranar da na ce raƙumin ruwan da ya ɗauke wana Manoy Dadong, mahaifinki, ya kai hasumiyar coci tsayi. Ko sau ɗaya ban taɓa amsawa ba.

Na je na ga abarki. Duk gari Kabewa ake ce mata yanzu. Tasyo ya ce mini, "Pare, abokina, wai 'yar nan duk karatun da ta yi, ƙarshenta shuka kabewa a teku?" Na ce, "Kai da ka shuka 'ya'ya tara, nuna mini abin da ka girba." Na gaya musu duk wanda ya ɗaura mata igiya, da ita zan ɗaure shi. Kowace Asabar nakan je in kankare ƙwarin da ke manne mata, in goge kashin tsuntsu daga gilashin kanta.

Batun rashin shigowarki, ni ban ji haushi ba. Soling ce ta kwana biyu tana mita tana buga tukwane.

Sai dai ina da tambaya. Kin san inda kuka ajiye ta? Mu da ƙasa muke gane wuri a teku. Idan hasumiyar coci ta shiga tsakiyar tsagin dutsen bayan gari, ƙaramin tsibirin nan kuma ya rufe bakin kogi, to ka iso. A daidai nan kwale-kwalenmu ya kife, ni da Manoy Dadong. Ban ce da gangan kika yi ba, tambaya kawai nake yi.

Ga busasshen kifi da ƙwayar pili, gyaɗar itacen nan tamu. Kada ki raba wa 'yan ofis duka.

Tiyonki,
Gorio

Dagatnon, 17 ga Oktoba

Neri 'yata,

Allah ya yi miki albarka. Wata uku da rabi shiru, na san aiki ne. Guguwa ta wuce, muna raye, ba wanda ya rasu a garin. Rabin rufin Dagatnon ya tafi yawo, ɗakin girkin Tasyo yana cikin gonar shinkafa, ayaba kuwa duk ta kwanta. Amma albishirinki!

Ranar Talata da safe rediyo ya ce an ɗaga gargaɗi zuwa mataki na uku. Kin san yadda muke yi, ba ki manta ba. Aka yi gayya aka ɗauko kwale-kwale ɗaya bayan ɗaya zuwa gindin coci, aka ɗaure rufi da igiyar abaka, aka kai aladu da kaji makaranta. Na tsaya ina duba abin da ya saura a ruwa. Kowa ya kwashe nasa, Kabewa ce kaɗai a can ba mai ita.

Na sami Tasyo. Ya ce, "Ka haukace? Dubi launin ruwan nan!" Na ce, "Kayan Neri ne." Ya zage ni, ya zagi kabewa, sannan ya ɗauko injinsa. Muka je muka kwance ta, na ɗaura bakin igiyar ga jarkoki huɗu don kada ya nutse, muka jawo ta a hankali. A gaɓa maza takwas suka ɗauke ta a kan gora kamar yadda ake fito da waliyyi ranar idin gari, mata na guɗa suna dariya. A ɗakinki muka ajiye ta. Soling ta lulluɓe ta da bargo don 'yar fitilarta na damun kyanwa.

Ko ƙwarzane babu a jikinta. Ki gaya wa manyanki kayansu na nan lafiya, a Dagatnon ba a barin amana a bakin guguwa.

Tiyonki,
Gorio

Manila, 18 ga Oktoba

Tiyo,

An ce ba a rasa rai ba a Dagatnon, na gode wa Allah.

Ba sai na jira wasiƙarka ba kafin in san abin da ya faru. Ranar Talata mu goma sha ɗaya muna tsaye gaban allon kwamfuta, guguwa mafi ƙarfi cikin shekara tara ta nufo daidai inda na'urar take. Ranar da na yi shekara uku ina jira ke nan. Sai muka ga ɗigon ya fara tafiya. Wani ya ce igiya ta tsinke. Amma abin da igiyarsa ta tsinke ba ya miƙewa sak zuwa yamma da saurin ƙaramin inji. Ɗigon ya iso gaɓa. Ya hau titi. Ya wuce coci, ya karya kwana, ya tsaya. Shugabanmu ya cire tabarau ya ce, "Wannan gidan wane ne?" Na san gidan. Gidanka ne.

Awa goma sha huɗu guguwar ta yi tana dukan gaɓarmu, na'urar tana aiko mana sifili, sifili, sifili. Raƙumin ruwa mafi tsayi da ta auna bai kai rabin mita ba, ina jin lokacin da kuke haura matakalar gida ne. Ana ta dariya a ofis, har yau ba a daina ba. Ni na shiga bayi na yi kuka.

Don guguwa aka yi ta, Tiyo! Don ta zauna a cikinta, ko da za ta farfashe! Jirginmu ba zai sake zuwa ba sai Fabrairu, lokacin guguwa ya wuce. Ka saki wanda ya kamata ka riƙe, yanzu kuma ka je ka riƙe abin da ya kamata ka saki.

Nerissa

Dagatnon, 6 ga Nuwamba

Neri,

Allah ya yi miki albarka, ko da wannan karon ba ki nemi hannuna ba. Na lura. Muna lafiya, an mayar da rufin makaranta. Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya, ina jin kunya in na tuna kina karanta albishirina.

Na yi kuskure. Kin rubuta cewa don awon guguwa ce, na karanta, amma kaina bai ɗauka cewa mutum zai ajiye abu mai daraja a ruwa da gangan ya tafi ba. Mu ba mu taɓa yin haka ba.

Layinki na ƙarshe ne ya hana ni rubutu kwana goma. Muryar mahaifiyarki Manay Pacing na ji a cikinsa, Allah ya ji ƙanta. Kina shekara bakwai lokacin, abin da kika sani a bakinta kika ji. Ba ki taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin gaya miki ba. To ga shi.

Gargaɗi ya makara a shekarar nan, muna can muna jan ƙugiya iska ta juya. Sauran kwale-kwalen sun fi mu kusa da gaɓa, suka tsere. Manoy Dadong ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya miƙo mini ɗaya bakin, ya ce, "Naɗe a hannunka, Gorio, kai ne ba ka da nauyi." Muna ta fama, muna hawa muna sauka, har wajen la'asar. Sai ruwa ya janye daga ƙarƙashinmu kamar an buɗe rami. Na ɗaga kai. Ba irin sauran ba ne. Sai da na lanƙwasa wuya kamar yadda nake yi in na tsaya a gindin hasumiya ina kallon ƙararrawa. Manoy ya ce, "Sus, Maria," addu'ar nan ce kaɗai abin da ya faɗa.

Ban saki ba, Neri. Igiyar ta ci naman tafin hannuna har ƙashi, kin sha ganin tabon kina yarinya kina tambaya, ina ce miki wuta ce. Da na taso sama igiyar na hannuna, na ja, na ja, ta zo ba nauyi. Kwana biyu ina rungume da gorar gefen kwale-kwale kafin a tsince ni.

Da na ba da labari, wani jami'i da ya zo daga birni ya ce ruwan nan ba ya yin raƙumi irin wannan, tsoro ne ya ƙara mini. Mutane suka yi dariya, suna ya bi ni. Mahaifiyarki ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Wanda ya ƙara wa ruwa tsayi, akwai abin da yake ɓoyewa." Har ta koma ga Allah ba ta sake ci a kwano ɗaya da ni ba. Ban riƙe ta a zuci ba, mijinta ne bai dawo ba.

Ranar Talatar nan da na hango Kabewa ita kaɗai a wurin, ba na'ura na gani ba. Na riga na taɓa barin na gidanku a daidai nan na dawo ni kaɗai. Ban iya yi sau biyu ba.

Tana nan a ɗakinki. Ki faɗi yadda za a yi da ita.

Gorio

Manila, 15 ga Nuwamba

Tiyo Gorio,

Ina ɗora hannunka a goshina, hannun mai tabon. Ka yafe mini. Na karanta wasiƙarka a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ka gaida Tiya Soling, ka ce mata ban cancanci kifin da ta aiko ba, amma na cinye.

Ka tambaye ni tun Yuni ko na san inda na ajiye ta, na yi shiru. Na sani. Ina 'yar shekara goma na ji kana kwatanta wa Tasyo wurin, hasumiya a tsagin dutse, tsibiri a bakin kogi, na rubuta a bayan littafin lissafina. Shugabanmu ya so a sa ta can arewa, ni na dage. Na taso tsakanin Mama da ke cewa ƙarya kake, da kai da ke kawo mana kifi kowace safiya kana ajiyewa a bakin ƙofa ba ka shigowa. Ina son ka, ina kuma tsoron son ka. Shi ya sa na karanci teku. Na ce wa kaina zan auna, in ruwan nan na iya yin abin da ka faɗa, zan sani. Ban gaya maka ba don kunya: wace irin 'ya ce ke kafa wa Tiyonta ma'auni?

Yanzu ga roƙona, kuma na san ba ƙarami ba ne. Lokacin guguwa bai ƙare ba, akwai wata tana haɗuwa can gabas. In jarkokinka na nan, ka mayar da ita tun ruwa na kwance. Na zana maka yadda ake ɗaura ƙarfen a bayan takardar nan. Sannan ka juya ka dawo gida. Ko rediyo ya ce mataki na huɗu, ko Tasyo ya kawo inji har ƙofa, kada ka je. Ka bar ta, Tiyo. Wataƙila ba za ta dawo ba, kuma ni na ce ka bari.

'Yarka,
Neri

Dagatnon, 4 ga Disamba

Neri 'yata,

Allah ya yi miki albarka. Ba abin yafewa. Muna raye. Wannan guguwar ta fi ta Oktoba, ruwa ya shigo har dandalin coci, amma kowa na kan tudu. Soling ta yi mura, tana samun sauƙi.

Jarkoki biyu sun fashe, biyu sun riƙe igiyar. Mun mayar da Kabewa ranar 22 ga wata. Tasyo ya ce, "Mu kawo ta, mu kai ta, wai amarya ce?" Na ɗaura yadda kika zana, na duba sau uku. Da muka juya ban waiwaya ba, Tasyo ne ya riƙa ba ni labarin tana nan tana rawa.

Ranar da aka yi gayyar kwashe kwale-kwale ce ta yi mini wuya. Na ɗauki na kowa, na ɗaure rufin kowa, aiki ya ƙare, hannuna na neman abin yi. Ban san lokacin da na gangara bakin ruwa ba. Soling ta biyo ni da gwiwarta, ta riƙe bayan rigata kamar akuya. Haka muka hau tudu.

Jiya ruwa ya kwanta muka fita. Hasumiya ta shiga tsagi, tsibiri ya rufe kogi, ba komai a wurin. Mun yi ta zagaye har mai ya kusa ƙarewa. Ta tafi, Neri. Kin ce in bari, na bari, amma zuciyata ba daɗi.

Tiyonki,
Gorio

Manila, 11 ga Disamba

Tiyo Gorio,

Hannunka a goshina. A ba Tiya ruwan citta da zafinsa.

Kada ka damu da Kabewa, ta gama aikinta kafin ta tafi. Awa tara tana aiko awo a tsakiyar guguwar. Mita takwas, mita goma, sha ɗaya. Littattafanmu sun ce sha biyu ne iyaka a ruwan nan. Da ƙarfe uku da minti goma na rana, raƙumi guda ya zo wanda ba irin sauran ba. Bayansa da kaɗan igiyar ta tsinke, na'urar ta yi shiru. Mun duba lissafin sau biyar, a ofis ba mai dariya. Mita goma sha bakwai da ɗigo uku.

Dole in faɗa maka gaskiyar aikina: wannan ba shi ne raƙumin da ya ɗauki Papa ba, wancan ba wanda zai taɓa auna shi. Abin da zan iya sa hannu a kai shi ne, ruwan nan yana yin irinsa, a daidai wurin nan. Kuma ka sani, tun ranar da na karanta wasiƙarka ta Nuwamba na yarda da kai, kafin wata lamba ta zo.

Abu ɗaya ne ban sani ba. Duk karatuna ban taɓa auna hasumiyar cocinmu ba. Ka auna mini.

'Yarka,
Neri

Dagatnon, 19 ga Disamba

Neri 'yata,

Allah ya yi miki albarka, ya ƙara miki. Soling ta warke, har ta fara faɗa.

Na roƙi Fada, limamin cocinmu, ya ba ni makullin hasumiya. Ranar Lahadi bayan an fito daga coci na hau da zaren kamun kifi da darma a bakinsa. Matakala sittin da ɗaya, gwiwoyina sun ƙirga. Jama'a suka taru a ƙasa, ana cewa yau Gorio ya hau sunansa. Na ɗora gora ta kai zaren har kan gicciye, na sake shi, Tasyo ya kama darmar a ƙasa ya ƙulla. Na sauko na auna da hannuwana a miƙe kamar yadda muke auna zurfi: gaba goma cif. Malamar makaranta ta kawo tef ɗinta ta ce mita goma sha shida da rabi. Sannan na ba ta wasiƙarki ta karanta lambarki da ƙarfi.

Can sai Tasyo ya share hanci ya ce, "Ashe dai maƙaryaci ne kai, Pare. Shekara ashirin da shida kana rage wa ruwa tsayi."

Da yamma na kai zaren maƙabarta, na warware shi a gefen kabarin Manay Pacing, ya wuce kaburbura bakwai. Na dai bar ta ta gani. Na naɗe shi, ga shi nan cikin ambulan, naki ne.

Ɗakinki ba kowa tun da Kabewa ta tashi. Soling ta wanke bargon. Motar Virac tana tashi ƙarfe bakwai na safe, har ranar jajiberin Kirsimeti. In ma sai jirginku ya zo a Fabrairu, wannan karon ki ce wa kyaftin ya kai ki gaɓa.

Yau da safe ina gyaran raga, Tasyo ya ƙwala mini daga can bakin ruwa, "Hasumiya!" Kin san kunnen nan nawa ba ya jin komai. Na juya na amsa.

Tiyonki,
Gorio